Riƙon Hannun Wanda Ya Bar Shaye-shaye

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ƙasar Daura ma ba ta tsira daga wannan annoba ba.

Waɗansu iyaye, in abin ya fi ƙarfinsu, sukan kai ɗansu gidan mari. A watan Oktoba na 2019 wannan hanya ta nuna aibinta ƙarara: 'yan sanda suka fid da mutum 67 daga wani irin gidan nan a Daura, waɗansunsu ɗaure da sarƙa. Lalle ɗauri da bulala ba su warkarwa. Wurin magani shi ne asibiti, ko kuwa ma'aikatan ba da shawara na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989.

Amma babbar wahala tana zuwa ne bayan an sallami mutum. Zai koma unguwarsu ba sana'a, mutane suna ƙyamarsa, tsofaffin abokansa kuwa suna nan a majalisarsu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saboda haka yana bukatar wani kamili wanda zai riƙe hannunsa don Allah, ba don lada ba.

Ga abin da ya wajaba ga mai riƙon:

1. Ya sa ranar da za su riƙa saduwa kowane mako, kada ya saɓa.

2. Ya saurara masa, ya rufe asirinsa, kada ya yi masa gori da abin da ya wuce.

3. Ya sama masa wurin koyon sana'a, kamar ɗinki, ko dukanci, ko noman rani. Kayan aiki ya fi tsabar kuɗi a hannunsa.

4. Ya tunatar da shi ranar komawa asibiti. Kada ya ba shi wani magani da kansa, wannan aikin likita ne.

In mutumin ya koma wa sha, kada a yanke ƙauna, sai a mai da shi ga likita nan da nan. Dalili kuwa, wanda ya daɗe bai sha taramol ko kodin ba, jikinsa ya daina jurewa, har abin da ya saba sha dā yana iya kashe shi.

Duk magidancin da ke da niyyar wannan taimako a Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Ɓaure, ko Sandamu, sai ya shaida wa mai unguwa ko limami, domin su sada shi da gidan da ke bukata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.