Sabuwar shekara: yaya mutum zai ɗaukar ma kansa alkawarin gudu da motsa jiki, kuma ya cika shi?



Duk lokacin da Disamba ta zo ƙarshe, akwai maganar da nake yawan ji a fada wajen shan shayi: "Ni dai daga 1 ga Janairu zan fara futin." Sai a yi dariya, a zuba na biyu. Ran 1 ga wata mutum ya fita da ƙarfinsa, ran 4 cinyoyi sun ɗaure, ran 10 takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Ba gulmar kowa nake ba, kaina nake faɗi. Bara war haka na yi wannan alkawari. Na fita kwana biyar a jere ina gudu kamar wanda kare ya biyo, a na shida ƙwaurina ya kama ciwo har tsayuwar sallah sai da dabara. Daga nan ban sake fita ba sai bayan babbar sallah.

Kafin mu shiga yadda ake tsarawa, bari mu amsa tambayar da dattawa ke yi mana: "Mu da munka tashi da hauya a hannu, mi za mu yi da gudu, ba wanda ya koro mu?" Gaskiyarsu. Manomin da ke wuni a gona da damina, makiyayin da ke bin bisashe cikin Tarka, macen da ke daka safe da yamma, ta ja guga a rijiya mai zurfi irin tamu ta nan, ta ɗauko itace a ka, waɗannan ba su da bashin motsa jiki. Wasunsu ma hutu da abinci mai kyau suka fi buƙata. Maganar tana kan sauranmu: mai butik da ke zaune daga hantsi har isha'i, ɗan kabu-kabu da ko gidan maƙwabci sai bisa moto, ma'aikacin buro, direba, malamin lakol, hajiyar da yara ke yi mata komai, da mu ƴan rediyo da aikinmu zama ne gaban makirfo. Har shi manomin, in an gama kaka aka ɗaure hatsi, wata biyar ko shida yake yi a gindin bishiya.

Abin da ke sa na damu da zancen shi ne tansiyo, wato hawan jini. Ciwo ne da ba ya sallama. Wani kawuna, mutum mai jiki da fara'a, bai taɓa kwanciya a likita ba, wata safiya ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Sai a ranar aka san jininsa ya daɗe yana sama. Gidan nan yanzu ƴaƴansa da ke waje ke riƙe da shi. Ma'aikatan lafiya na cewa idan awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to tansiyo ne. Motsa jiki yana taimakawa wajen sauke shi, yana kuma taimaka ma jiki sarrafa sukari. Bai maye gurbin magani ba ga wanda aka riga aka ɗora bisa magani, kar wani ya ce a rediyo ya ji.

To nawa ne ya isa? Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, sannan kwana 2 a sati ya yi abin da ke ƙarfafa damatsa. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kowace rana. Minti 150 ɗin nan in ka raba, minti 30 ne sau biyar. Ba sai da wani inji ba za ka gane matsakaici da mai ƙarfi. Idan kana tafiya da sauri, numfashi ya ɗan ƙaru, kana iya hira da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa, wannan matsakaici ne. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita sai ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi.

Kuskurena na bara, wanda na ga mutane da yawa na yi, shi ne alkawarin da ba shi da kai ba shi da gindi. "Zan riƙa sipor." Yaushe? Ina? Na minti nawa? "Zan rage tumbi." Da me za ka auna? Alkawarin da ke tsayawa shi ne wanda ko yaro zai iya duba ya ce ka yi ko ba ka yi ba. Misali: Litinin, Laraba da Asabar, bayan sallar asuba, minti 30, daga ƙofar gida zuwa bayan gari da dawowa. Ka samu kaye da bik, duk ranar da ka fita ka ja layi ɗaya. Wanda bai yi lakol ba ya jefa tsakuwa a gwangwani, lissafin ɗaya ne.

Ni shawarata, a ƙidaya fita, kar a ƙidaya kilo. Sikeli yana da yaudara, sai ka yi wata guda kana wahala bai motsa ba, zuciya ta karaya. Sau uku a sati cikin sati 52 ya kama fita 156. Amma wa zai cika wannan a ƙasar nan? Akwai azumi, akwai zafin Afrilu, akwai shuka da noma, ga masassara, ga biki da zaman makoki. Saboda haka ka ce fita 100 a shekara. Idan kowace fita kilomita 3 ce, ka yi kilomita 300 ke nan, wato ka je Maraɗi da ƙafa ka dawo har da saura. Ga mai son auna kilomita kuma ba shi da babbar salula: cikakken filin balo in ka zagaye shi ta bakin layi sau uku, ka yi kusan kilomita ɗaya. Filayen unguwa sun fi ƙanƙanta, sai ka ƙara zagaye ɗaya.

Mai son auna tumbi kuma, ga dabara mai sauƙi da likitoci ke bayarwa. Ka yanki igiya daidai tsawonka, daga ƙafa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a ƙugu wajen cibiya. In ta haɗu, madalla. In ba ta haɗu ba, ka ajiye igiyar, ka sake gwadawa bayan wata uku.

Yanzu farawa. Wanda ya shekara biyar bai yi gudu ba, kar ya fara da gudu. Sati biyu na farko tafiya ce da sauri, minti 20 zuwa 30. A sati na uku ka soma haɗawa: gudu sannu-sannu minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita sau bakwai ko takwas. Kowane sati ka ɗan ƙara gudun, ka rage tafiyar. Hukumar lafiya ta Ingila tana da tsari irin wannan na sati 9, fita uku a sati, wanda ke kai sabon shiga ga gudun minti 30 ba tsayawa. In naka ya ɗauki sati 12 ko 15, ba wanda ke binka bashi. Sannu ba ta hana zuwa. Dalilin wannan jan ƙafa shi ne huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyin gwiwa da na dunduniya suna ɗaukar lokaci. Sai ka ji numfashi ya zauna, ka ɗauka ka ƙware, ka ƙara wuta, ƙafa ta ƙi. Abin da ya same ni ke nan. Ranar hutu tsakanin fita da fita tana cikin aikin, a ranar ne jiki ke gyara kansa.

Sai kuma kalandarmu, don tsarin da aka rubuta a Turai bai san Dakoro ba. Janairu da Fabrairu su ne lokacin zuba harsashi: da sanyi, jiki ba ya saurin gajiya. Matsalarsu ƙura. Ranar da buda ta rufe gari har ba ka hangen ƙarshen layi, ka haƙura, musamman mai asma ko tari. Azumi kuwa kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2025 an kama shi a farkon Maris, a 2026 kuma wajen 18 ko 19 ga Fabrairu. A watan azumi ba a neman ƙari, riƙe abin da aka samu ake yi: tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, ko bayan asham in ciki ya sauka. Daga nan sai bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A Afrilu da Mayu, in rana ta ɗaga, zance ya ƙare. Ko asuba ko bayan magariba. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka sha in ka dawo, ka kuma duba fitsarinka: in ya yi ja sosai, jiki na neman ruwa. Da damina, mai gona ya rubuta ranar noma a kayensa a matsayin fita, ya ma fi. Da kaka sai a koma fili.

Ƴan kokowa sun riga mu sanin wannan. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Yakuba Ango Kantu na jiharmu ta Maraɗi ya ɗauka, har filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, ba a taɓa jin ɗan kokowar da ya fara shiri ana saura kwana uku ba. Mu muna ganin minti kaɗan a fili, makaɗa na zuga, ba mu ganin watannin gudu cikin rairayi da asuba. Isaka Isaka na Doso, da ya fi kowa yawan ɗaukar takobi, da Abdul Razak Isufu Alfaga da ya kawo ma Nijar lambar azurfa a taekwondo a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, duka kafin ranar akwai shekaru. Wannan kira ne ga samarin da ke da niyyar shiga gasar ɗaukar soja, jandarma ko ɗan sanda, inda ake gwada gudu: ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin lokaci ya kamata a ce kun fara.

Maganar takalmi. Wasu na cewa sai sun samu mai tsada. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na Olamfik, kilomita 42 da mita 195, a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Amma fa shi bai bi ta cikin ƙarangiya da tsaida irin namu ba, kuma ƙafarsa ta saba tun yana yaro. Ka je wajen ƴan bosho ran kasuwa, ka zaɓi mai taushin ƙasa wanda ya bar ma babban yatsa ɗan wuri. Silifas dai a'a. Ƴan uwa na waje da ke tambayar me za su aiko gida, ga abu biyu masu amfani: takalmin gudu ga ƙanne, da ɗan injin awon tansiyo na hannu ga tsofaffi. Ku ma can, mai gadi da ke kwana bisa kujera da mai tsaron shago, maganar ta shafe ku. Mai aikin gini ko haƙar zinariya kuwa, shi barci da ruwa ya kamata ya sa a alkawarinsa.

Mata sun aiko suna cewa, "Mu in munka fita gudu, gari zai ɗauka." Na sani, bakin mutane ba ya shiru. Amma ba dole sai gudu ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu da hijabanku, ku yi tafiya mai sauri bayan la'asar, ba wanda zai ce uffan. Ziyarar da ake hawa moto a je, a taka da ƙafa. A tsakar gida akwai tsallen igiya, akwai tashi da zama daga kujera sau goma, a huta, a sake. Mai ciki ta fara tambayar ungozoma a wajen awo. Maigida kuma, in ba za ka raka ta ba, kar ka hana.

Akwai waɗanda ya kamata su biya ta likita kafin su fara: wanda ya haura 40 kuma ya daɗe a zaune, mai tansiyo, mai ciwon sukari, mai sikila, da wanda aka taɓa ce ma zuciyarsa na da matsala. Awon tansiyo a CSI minti biyu ne. Idan kana cikin gudu ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko gani ya dushe, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ka tsaya nan take, a kai ka likita, kar a ce iska ce. Mai zazzaɓi kuma ba ya gudu wai don ya fitar da ciwon ta zufa, gwajin masassara zai je ya yi.

Wani abu da na lura: wanda ke fita shi kaɗai shi ke saurin bari. In ka san akwai wanda ke tsaye bakin masallaci yana jiranka cikin sanyi, kunya kaɗai ta isa ta tashe ka. Ku ƴan fada, cikin ku goma ba za a rasa uku ba. Kuma in sati guda ya wuce ba ka fita ba, kar ka ce shekara ta lalace, kar kuma ka ce za ka rama duka rana ɗaya. Ka koma baya kaɗan, ka ɗora.

Nawa alkawarin na bana, tunda na tona asirin na bara: fita 100, da gudun kilomita 5 ba tsayawa kafin a ga watan babbar sallah. Shayi kuma na rage ma sukari, na uku na bar ma yara. Na riga na je an auna ni, 13 bisa 8, malamar ta ce in rage gishiri da magi. Kayen yana nan rataye a studiyo bayan ƙofa, abokan aiki sun ce duk Asabar za su duba layukan, in babu uku, ni ke sayen goron sati.