Sauyin Sunan Manhajar Ofis da Abin da Ya Jawo wa Ma'aikatan Ɗakin Kwamfuta a Makarantu

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna yadda sauya sunan manhaja, wanda ake ɗauka ƙaramin abu, kan zama nauyi a wuyan ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin makaranta. Za a kafa hujja da manhajar ofis ta kyauta, wadda aka buɗe tushenta ga kowa.

Asalinta StarOffice ce, ta wani kamfanin Jamus. Kamfanin Sun ya saye ta a 1999, ya buɗe tushenta a 2000 da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya saye Sun a 2010, sai da yawa daga cikin masu aikinta suka ɓalle a watan Satumba, suka kafa gidauniyarsu, suka fito da LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa tsohuwar ga gidauniyar Apache. Ke nan abin da jama'a ke kira sauyin suna, a haƙiƙa rabuwa ce gida biyu.

A nan ne matsalar ma'aikaci take. Dole ya zaɓi ɗaya, alhali malamai da ɗalibai tsohon sunan suka sani. A makarantun da ke amfani da Ubuntu ma ba a jira ra'ayinsa ba, domin fitowar Afrilun 2011 ta zo da LibreOffice a gurbin tsohuwar. Malami ya shigo da darasin da ya tsara da hotunan OpenOffice, ya tarar da wani suna a fuskar kwamfuta, sai ya zaci an goge masa kayan aiki. Amma Writer da Calc da Impress suna nan da sunayensu, kuma takardun da aka adana a tsarin ODF, wanda ya zama mizanin duniya a 2006, suna buɗewa a duka biyun. Saboda haka yawancin wahalar ta bayani ce da sake rubuta takardun jagora, aikin da ba a cika lissafa shi cikin jadawalin ma'aikaci ba.

A ganina, haɗarin da ya fi girma yana ga makarantar da ta riƙe tsohon suna don gudun ƙorafi. Tun fitowar 4.1 a 2014, Apache OpenOffice ƙananan gyare-gyare kawai take samu, ita kuwa LibreOffice tana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, har ta koma ƙidayar shekara da wata tun 24.2 a 2024.