Sikelin 'Yan Gwangwan a Chanchaga

Rumfunan 'yan gwangwan da ke bakin hanyar Paiko sun ƙaru tun bayan barina Chanchaga, amma kayan cikinsu sun rage nauyi. A da, in aka fasa tsohuwar fanka ko injin ban ruwa, jan ƙarfe zalla ke fitowa, ja wur. Yanzu sai a kankare wayar da wuƙa a ga fari a ciki, alminiyam ne aka yi wa rigar ja.

Akwai wani dattijo a layin da ba ya yarda da ido. Mayen ƙarfe yake fara ɗorawa. In bai kama ba, sai ya ɗaga abin ya ji shi a tafin hannu, kuma hannun nan ba ya ƙarya. Gutsuren jan ƙarfe mai santimita guda ta kowane gefe giram 8.96 ne, na magnesiyam kuwa 1.74 kacal. Matsalar ita ce alminiyam, mai giram 2.7, wanda kamarsu ɗaya da magnesiyam. Shi ya sa lemun tsami ba ya rabuwa da aljihun tsohon. Ya kankare, ya ɗiga ruwan, in wurin ya yi kumfa to magnesiyam ne, sai ya wurga shi can gefe.

Ba ƙyama ba ce, tsoron Allah ne. Masu zubin tukwane ke sayen alminiyam ɗinsa, kuma ƙarafan biyu kusan tare suke narkewa, ɗaya a digiri 650, ɗaya a 660, don haka babu abin da zai gargaɗi mai zubi. In magnesiyam ya kama, farar wuta yake yi mai kashe ido, ruwa kuwa ƙara mata ƙarfi yake, sai dai busasshen yashi. Jan ƙarfe sai ya haura digiri 1,080 kafin ya sallama.

Injiniyoyi su kam suna son rashin nauyin magnesiyam. Da gaurayen magnesiyam aka zuba gidan injin Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, yau kuma yana cikin sitiyarin motoci da jikin wasu kwamfutoci. To amma nan sikeli ke sarauta. Ƙarfen da bai kai rabin jan ƙarfe wajen ɗaukar lantarki ba, ga danshi na cinsa, balle in ya jingina da jan ƙarfen, wa zai yi masa ciniki na mutunci?

A rumfar dattijon, ƙarƙashin tulin famfuna, na hango wani tire na tagulla mai zanen guduma, irin aikin maƙeran Tswata Mukun na Bida.

"Baba, nawa za ka bar mini wannan?"

Bai ko dubi zanen ba, sikeli ya ɗora shi. Na taya, ya ce, "Albarka, ɗana." Na ƙara, ya ce masu tirelar Legas za su ba shi fiye da haka. Sai da na haura kuɗin kilo ya ce ya sallama. Raina ya sosu ƙwarai. Tagullar nan, jan ƙarfe da tutiya, ba ta ruɓewa, da ita aka yi wa kakanninmu jere, ga shi yau ana auna ta daidai da kan famfo.

Tsadar jan ƙarfe ce kuma ta jawo ɓarayin waya. Duk ranar da aka kwashe wayar taransifoma a wata unguwa, washegari sai jami'ai su dira a layin, a kwashi na kirki da na banza, a rufe rumfuna, a karɓi na goro a buɗe. Babban dilan da ke karɓar wayar da daddare kuwa ba a taɓa ganin an taka ƙofarsa ba. Dattijon nan da ke hana wuta tashi a maƙerar mutane, shi ake sa wa tsallen kwaɗo a gaban jikokinsa.