Kowane Aiki da Tukunyarsa

Babu mai rubuta manhaja shi kaɗai daga tushe. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko ta Tarayya da ke Kashere, idan ya zauna yin aikinsa na kammala karatu da Python, aro yake yi: ya sauko da ƙunshin Django, shi kuma Django ya taho da nasa 'yan rakiyar. Rigima tana tashi ranar da aiki biyu a kwamfuta ɗaya suka nemi Django iri biyu, tsoho da sabo. Maganinta a ba kowane aiki tukunyarsa, kuma tun fitowar Python 3.3 a 2012 umarnin venv yake yin haka kyauta. Kunna shi ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar kwafe jakar venv ɗungurungum a filash a kai wa aboki, wai don a rage kashe data. Haba jama'a! Jakar nan tana riƙe da adireshin Python na kwamfutar da aka haɗa ta a kai. Wadda aka yi a Windows ba za ta tashi a Linux ba, ko a wata Windows ɗin ma sau da yawa gardama take yi. Abin da ake kai wa aboki ɗan fayil ne, requirements.txt, wanda umarnin pip freeze ke lissafa masa sunan kowane ƙunshi da lambar fitowarsa. Data na da tsada, gaskiya ne. To a yi pip download sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, a zuba ƙunsoshin a filash, kowa mai irin kwamfutar ya gina tasa jakar daga nan.

Ajiyar nan tana da wani amfanin, don ƙunshi na iya ɓacewa daga intanet. A watan Maris na 2016 Azer Koçulu ya yi saɓani da kamfanin npm, mai rumbun ƙunsoshin manhaja, kan sunan ƙunshinsa kik, ya kwashe ƙunsoshinsa daga rumbunsu. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a hagun rubutu. Nan take dubban ayyuka suka ƙi haɗuwa, har da manhajar Babel, sai da npm ya maido da shi cikin 'yan sa'o'i.

Malaman da ke duba aikin ɗalibai su daina karɓar wanda ya zo babu requirements.txt.