Fatoma a New Bell: Sana'ar da Suna Ne Jarinta

Falken da ya ɗauko shanu daga Ngaundare zai kai Duwala, tun kafin ya biya kuɗin tarago ya riga ya san gidan da zai sauka. A can ƙarshen hanya akwai mutumin da zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da mai saye, in kuma mai sayen ya ci bashi ya yi layar zana, shi zai biya daga aljihunsa. Wannan shi ne fatoma, ko maigida kamar yadda fatake suka fi kiransa. Ba ya kiwo, ba ya fawa, sau da yawa ko saniya ɗaya tasa babu a kara, amma in babu shi ciniki ba ya ƙulluwa. Tsohuwar sana'a ce da ta bi ayari duk inda ya yada zango, daga Salaga da Kumasi zuwa Sabon Ibadan, daga Briketeri ta Yawunde har unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala.

Ita kanta New Bell rikicin ƙasa ne ya haife ta. A watan Yuli na 1884 sarakunan Duwala, wato Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Shekara talatin ba ta cika ba Jamusawan suka ƙudura tashin 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri, su mayar da wurin unguwar Turawa, su tura masu ƙasa can baya, a bar fili na kilomita guda tsakani. Sabon matsugunin da aka ware wa mutanen Bell shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya kai da fata a kan ba za a ƙwace ƙasar kakanninsa ba, Jamusawa suka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Kafin ƙarshen Satumba na wannan shekarar sojojin Ingila da Faransa sun kama birnin. Mutanen Bell ba su taɓa son wurin da aka tilasta musu ba, da suka sami sarari da yawansu suka koma unguwar Bali, baƙi suka cika New Bell: Bamileke, Basa, Ewondo, Yarbawa, mutanen Dahomi da Togo, da Hausawa.

Hausawa kuwa sun riga sun san hanyar kudu tun zamanin Jamus, wasu a cikin sojan Bature, mafi yawa da kayan fatauci ta Banyo da Tibati, suna kawo shanu da tufafi da kanwa, suna komawa da goro da hauren giwa. Jirgin ƙasa ya ƙara buɗe hanyar: layin Bonaberi zuwa Nkongsamba ya kammala a 1911, na Yawunde a 1927, a 1974 kuma dogo ya isa Ngaundare, tsakiyar ƙasar shanu. Malama Lynn Schler, wadda ta wallafa littafi a kan baƙin New Bell a 2008, ta nuna yadda unguwar ta girma kusan ba da hannun hukumar Faransa ba, baƙi na yanka fili suna gini, mutanen Bell kuma na kallon ƙasar a matsayin tasu. Ke nan tun ranar farko maigida Bahaushe ya san ɗakunan nasa ne, ƙasar da suke kai kuwa da magana.

Abin da ya sa ba a iya yi sai da shi a bayyane yake. Gudali da jajayen shanun Mbororo dabbobin tudu ne, iska mai laima da ƙudan tsando na kurmi ba sa yi musu daɗi. Duk kwanan da sa ya ƙara a bakin teku rama yake yi, ga kuɗin ciyawa da na masu tsaro. Falke yana son ya sayar da wuri ya juya. Mahauci kuwa ba shi da kuɗin sa a hannu sai ya yanka ya sayar da nama. Ga mai sauri, ga mai neman jinkiri, ba su san juna ba, watakila ma ba sa jin harshen juna. Mutum na uku da ya san gidan kowa, ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, shi ke tsayawa tsakani.

Aikin tun asuba yake farawa. An idar da salla maigida ya zauna a zaure bisa buzu, ga butar shayi, ga littafin lissafi wanda wani shafinsa ajami ne, wani boko. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, baƙin Banyo sun iso." A shigo da su, a yi doguwar gaisuwa: ya hanya, ya aka baro mutanen gida, ya lafiyar Alhaji babba. Ba a taɓa maganar kuɗi sai baƙo ya yi wanka ya karya kumallo, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Daga nan falke ya faɗi kai nawa ya kawo, nawa suka jigata a hanya, nawa ya saye su a ruga. Wannan adadin na ƙarshe sirri ne, daga bakin baƙo sai kunnen maigida, kuma maigidan da ya taɓa barin sa ya fita waje ya gama sana'a.

A kara dillalan maigida ke aiki. Mahauci ya zagaya sa, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse, ya leƙa haƙora ya ƙiyasta shekaru, sannan ya taya. Dillali ya kawar da kai ya ce albarka. Mahauci ya yi kamar zai wuce, a riƙo masa hannun riga, ya ƙara. In an kai inda ya kamata, dillali ya koma gefe ya yi wa mai shanu raɗa: "Alhaji, an kai wuri, a saki." Ya ce ya sallama, a yi musafaha, a shafa wa san alama a gadon baya. Kuɗi kuwa sai bayan kwanakin da aka ɗiba. Abin da falke ya riƙe a wannan tsakanin shi ne kalmar maigida cewa mahaucin nan nasa ne, ya lamunce masa.

Ba a karɓar kuɗin ɗaki ko na abinci a hannun baƙo. Abin da ke shiga shi ne la'adar da ake cira a kan kowane kai, wadda maigida ke rabawa da dillalansa, sai alherin da falke ke yi in zai tafi. Abin da ke fita kuwa ba ya ƙirguwa: tukunyar da ba ta sauka daga murhu, maganin baƙon da zazzaɓi ya kayar, belin yaron da 'yan sanda suka tsare don takarda, likkafanin wanda ajali ya riske shi nesa da gida. Matan gida su ne ƙashin bayan sana'ar duk da ba a ganinsu a kara, domin falke yana iya yafe ɗakin da ke yoyo, amma ba ya manta gidan da aka bar shi da yunwa. Sai babbar asara, ranar da mahauci biyu ko uku suka karye lokaci guda. A ranar ake sanin maigida. In ya sayar da wani abu nasa ya cika wa baƙo kuɗinsa cif, labari zai riga baƙon isa Adamawa. In ya fara kame-kame, shi ma labarin zai riga shi.

Masani Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya lura cewa ƙarfin waɗannan masu gida a kan abu biyu yake: yawan ɗakuna da yawan yara. Yaro a nan ba lalle ɗan cikinsa ba. Almajiri ne ko ɗan ci-rani da ya fara da share zaure da kai wa baƙi ruwa, ya koma rakiyar shanu zuwa mayanka, ya zama mai karɓo bashi, ya zama dillali. In ya nuna amana maigida ya yi masa aure, wani lokaci da 'yarsa ko 'yar riƙonsa, ya ba shi ɗaki a gidan. Haka zuri'ar gida ke faɗaɗa, ta jini da ta goyo, har baƙo ya kasa bambance ɗa da bara.

A nan ne kwatanci da wata ƙasa ke da amfani. A Ingila ta ƙarni na 16 da na 17 akwai masu gandu na karkara, waɗanda ba sarauta gare su ba amma ba sa aikin hannu, suna cin hayar gonakinsu, suna zaman alƙalan sulhu a yankunansu. Tsarinsu shi ne gandu ya tafi ɗungurungum ga babban ɗa, ƙanne su nemi abinci a coci ko aikin lauya ko soja ko fatauci. Daga 1530 zuwa 1688 jami'an sarki na zagaya larduna suna rubuta salsalar kowane gida, wa ya haifi wa, wa ya auri 'yar wa, suna soke da'awar wanda ya ari asalin da ba nasa ba. Shi ya sa har yau ake iya bin gida guda shekara ɗari uku a gona guda.

Maigidan New Bell bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan madogarai. Ƙasa ba ta kakansa ba ce, kuma ko bayan dokokin ƙasa na 1974, waɗanda suka sa takardar mallaka ta hukuma ta zama hujja, gidaje da dama sun ci gaba da zama ba ita. Gado kuma a Musulunci rabawa ake yi: matan aure su raba tumuni in akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gida mai ɗaki ashirin in ya faɗa hannun magada goma sha biyar ya tashi daga masauki, wannan ya sa ɗan haya, wancan ya buɗe shago, wani ya ce a sayar a ba shi nasa. Salsalarsa kuwa tana bakin tsofaffin mata da maroƙa, waɗanda ranar suna ko ɗaurin aure za su jero wane ɗan wane jikan wane, su kai gidan har Kano ko Katsina ko Zazzau inda kakan farko ya fito. Abin da maroƙi ke ambata game da kowane kaka ba yawan filinsa ba ne. Ciyarwarsa ce, da cewa kuɗin baƙo bai taɓa kwana a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, suna kuma cewa gadon gida alala ga raggo. A wannan sana'a na biyun ya fi aiki, domin fatake ba dole ne su bi babban ɗa ba. Wanda suka ga yana tashi tsakar dare ya tarye su a tasha, shi suke bi, ko ƙaramin ɗa ne, ko suruki, ko tsohon yaron gida. Ko a manyan gidajen fatauci ma suna ba kullum ta babban ɗa yake bi ba. Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro daga Gwanja ya fara. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, ɗan Mariya 'yar Sanusi Ɗantata, shi ne mai masana'antar simintin da ta fara aiki a bakin Wuri a 2015, a cikin Duwalar nan.

Zamani ya rage wa fatoma wasu ayyukan. Dā falke na zuwa da kuɗi ɗaure a ƙugu ya miƙa wa maigida ajiya, yanzu Express Union da Orange Money da MTN na kai kuɗi Ngaundare kafin mai su ya hau mota. Waya ta sa makiyayi na jin farashin Duwala yana zaune a ruga. Yanka ya koma mayankar hukumar SODEPA da ke Bonendale, hayin kogin Wuri, nesa da tsohuwar unguwa, ƙananan otal kuma sun cika gari. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta girgiza duk mai harkar bashi, rikicin yankin Bamenda tun 2016 da na Boko Haram a arewa mai nisa sun dagula wasu hanyoyin. Da yawa daga 'ya'yan gidajen sun yi boko, wasu sun koma canjin kuɗi, wasu shagunan yadi a kasuwar Kongo, wasu harkar manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Njamena da Bangi. Sai dai direban Chadi da zai yi mako biyu yana jiran a fitar da kaya, da mai albasa daga Marwa da ya sauke buhuna a kasuwar Sandaga, har yau suna bukatar wanda zai ce ya san su, ya kuma san wanda za su ba bashi. Waya tana aika kuɗi, amma ba ta tsaya wa kowa.

Shi ya sa ake gane magajin maigida tun kafin a raba gado. In an sallame sallar jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. A gidan fatoma masu zuwa na da yawa, kuma rabin bashin ba shi ya ci ba, lamuni ne da ya ɗaukar wa wasu. Magada na iya cewa a jira a ƙididdige dukiya, shari'a ta ba su wannan. Amma in wani ya miƙe a zaman makoki, ɗa ne ko bara, ya ce, "Abin da ke wuyan Baba yana wuyana," kuma ya biya, fataken da ke zaune a wurin sun gama zaɓe, ko a rabon gado ɗaki ɗaya bai samu ba.