Gaskiya ko Jita-jita: Wai Yaro Mai Matsakaicin Maki Ba Shi da Gurbi a Jami'o'in Amurka?

Daga watan Oktoba zuwa Janairu, hirar iyaye a ƙofar masallatan unguwar Bronx da ke birnin New York takan koma kan abu guda: yaran da ke ajin ƙarshe na sakandare, da inda za su dosa in sun gama. A irin wannan hira ce wani dattijo direban tasi, Bahaushen zangon Kumasi, ya riƙe hannuna bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam, ƙanwarka maki 2.8 gare ta. An ce da wannan ba jami'ar da za ta kalle ta, in ma an kalle ta kuɗin ya fi ƙarfina. Na ce ta nemi aikin kanti kawai." Na ce, "Baba, wa ya faɗa maka haka?" Ya ce, "Ai kowa ya sani."

Abin da "kowa ya sani" ɗin nan ya raba yara da yawa da karatu, shi ya sa nake so mu ɗora shi a kan sikeli.

A Amurka ana auna ƙoƙarin ɗalibin sakandare ne da ma'aunin maki 4. Mai cin A zalla yana da 4.0, mai B yana da 3.0, mai C kuma 2.0. Yarinyar da ke da 2.8 ba ta cikin zakarun aji, ba ta kuma cikin na baya. Tana tsakiya, inda akasarin 'ya'yan mutane suke.

"Jami'a a Amurka sai haziƙi." Wannan jita-jita ce, kuma an san inda ta samo asali. Sunayen da suka fi shiga kunne su ne Harvard da Yale da Stanford da MIT, kuma gaskiya ne ƙofarsu ƙunci gare ta. A 'yan shekarun nan Harvard ba ta ɗaukar sama da kimanin kashi 4 cikin 100 na masu nema. To amma manyan makarantun da ke ba da shaidar digiri a ƙasar sun kusa 4,000. A 2019 cibiyar bincike ta Pew ta duba alƙaluman jami'o'i 1,364 masu karatun shekara huɗu. Guda 17 kacal ta samu suna ɗaukar ƙasa da kashi 10 cikin 100 na masu nema. Fiye da rabinsu kuwa suna karɓar aƙalla biyu cikin kowane mutum uku da suka miƙa takarda. Jami'o'in jihar Kalifoniya na rukunin Cal State sun sa 2.5 a matsayin makin da ɗan jihar zai iya neman gurbi da shi, in ya yi darussan da ake buƙata. Jihar Idaho ma tun 2015 ta juya lamarin: maimakon yaro ya roƙi gurbi, hukuma ce ke aiko masa da wasiƙa tun yana sakandare, ta lissafa masa makarantun da suka riga suka karɓe shi. Wasu jihohin sun bi sahu.

Haka batun jarrabawar SAT da ake tsorata yara da ita. Tun lokacin annobar korona mafi yawan jami'o'i suka daina wajabta ta. MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da wasu takwarorinta suka biyo baya a 2024, amma waɗannan da ma ba su ne ke gaban yaron da muke magana a kansa ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi nauyi, domin a nan akwai gaskiya a cikin tsoron. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta da jami'o'i masu zaman kansu suka rubuta ya kai dala 43,350 a shekara, ban da ɗaki da abinci. A wannan shekarar, jami'ar gwamnati ta karɓi kimanin dala 11,610 daga ɗan jiharta, amma dala 30,780 daga wanda ya fito daga wata jiha. Kwalejin al'umma mai shekara biyu kuwa kimanin dala 4,000 ce. Uban da ke kwana a bayan sitiyari in ya ga lambar farko, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai duk wanda ya taɓa sayen rago ana gobe Sallah ya san kuɗin da dillali ya fara yankawa daban, kuɗin sallama daban. Jami'o'in kuɗi na Amurka haka suke. Ƙungiyar jami'an kuɗinsu da kanta ta nuna cewa, in aka haɗa lissafi, suna yafe wa sabbin ɗalibai fiye da rabin kuɗin da suka rubuta, da sunan tallafi. Kuma ba manyan jami'o'in ne kaɗai ke yin haka ba. Ƙananan da ba su yi suna ba, masu fafutukar cika kujerun aji, sukan yi ragi mai tsoka ga yaro mai B, wanda babbar jami'a ba za ta ko amsa masa sallama ba. Tun 2011 doka ta tilasta wa duk makarantar da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya ta sa na'urar lissafi a shafinta na intanet: ka shigar da abin da gidanku ke samu, ta ƙiyasta maka abin da zai fita daga aljihunka. Minti goma sha biyar ya isa. Yana ba ni takaici yadda iyayenmu ke yanke hukunci a kan makomar yaro ba tare da sun taɓa buɗe ta ba.

Sannan ga tallafin gwamnati, wanda mutane da yawa ke ɗauka na masu ƙwaƙwalwa ne. Ba haka ba ne. Tallafin Pell na tarayya ba ruwansa da makin sakandare, ƙarfin gida yake dubawa. Mafi yawansa dala 7,395 ne a shekara, kuma kyauta ne, ba a biya. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin duk suna iya samu, in sun cike fom ɗin FAFSA, wanda shi ma ba a biyan ko sisi a kansa. Yanzu a ajiye wannan lamba kusa da wata: kuɗin makaranta a manyan kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin New York, dala 6,930 ne a shekara ga ɗan jiha, a kwalejojinta na shekara biyu kuma dala 4,800. Ke nan yaron da ya samu cikakken Pell ya riga ya rufe kuɗin makaranta tun kafin a zo kan tallafin TAP na jihar. Ga gidajen da suka ɗan fi ƙarfi, New York ta kawo shirin Excelsior a 2017, mai biyan kuɗin makaranta ga iyalin da ba ya samun sama da dala 125,000 a shekara. Amma a karanta sharuɗɗansa da kyau: dole ɗalibi ya riƙa kammala darussan shekara cikakku, kuma bayan ya gama ya zauna a jihar adadin shekarun da aka biya masa, in ba haka ba kyautar ta rikiɗe ta zama bashi. Jihar Tennessee kuma tun 2015 take biya wa waɗanda suka gama sakandare kuɗin kwalejin shekara biyu.

Na daɗe a kan tallafi ne saboda wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Bashin karatu na gwamnati akwai ruwa a kansa, kuma da yawa daga cikin iyayenmu ba sa son ko kusantar riba. Suna da hujjarsu, ina kuma girmama ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙi cike FAFSA gaba ɗaya don gudun bashi. Fom ɗin ba yarjejeniyar bashi ba ne. In takardar tallafi ta zo, za ka ga kyauta a layinta, bashi a nasa layin, kuma kana da ikon karɓar na farko ka bar na biyu.

"Kwalejin shekara biyu ta waɗanda suka kasa ce." Na sha jin wannan, har da masu ɓoye wa dangi cewa can ɗansu yake. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci jirgin sama jannatin Amurka a 1999, daga kwalejin al'umma ta Corning ta fara. A Kalifoniya, rassa shida na babbar jami'ar jihar suna ba ɗalibin irin wannan kwaleji alkawari a rubuce cewa in ya cika sharuɗɗa, gurbinsa na nan a aji uku. Kuma shaidar digirin da zai karɓa a ƙarshe iri ɗaya ce da ta wanda ya fara a can tun aji ɗaya.

Amma ba zan yi wa iyaye daɗin baki ba, domin a nan ne ainihin haɗarin yake, kuma ba shi ake tattaunawa a ƙofar masallaci ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga kwalejin shekara biyu suna cewa burinsu digiri ne. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke tsallakawa jami'a. Waɗanda ke riƙe digiri a hannu bayan shekara shida ba su wuce kashi 16 cikin 100 ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da yawancinsu ba. Yaro ya ɗauki aikin dare don ya taimaka da kuɗin haya, ya rage darussa, ya rage kuma, har zango ya wuce bai yi rajista ba. Wani ya yi shekara biyu yana tara darussa barkatai, ya je jami'a a ce rabinsu ba za a lissafa ba. Maganin wannan sananne ne. CUNY ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007: ɗalibi ya yi karatu cikakken lokaci, a ba shi katin jirgin ƙasa da kuɗin littattafai, a haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai. Da masu bincike suka gwada, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, a kan kashi 22 na sauran. Yara iri ɗaya, maki iri ɗaya. Don haka in ka shiga ofishin kowace makaranta, tambaya biyu ta fi "za ku ɗauke ta?" amfani: cikin ɗalibai ɗari nawa ke gamawa a nan, kuma wace jami'a ce ta sa hannu za ta karɓi darussanku?

Akwai masu cewa ai in ba makaranta mai suna ba, takardar ba ta da daraja a kasuwar aiki. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi sawun ɗaliban da suka nemi makarantu masu daraja ɗaya amma suka ƙare a wurare daban-daban, suka tarar albashinsu daga baya bai bambanta sosai ba. Sun dai ga cewa 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata sun fi cin ribar shiga babbar makaranta, saboda haka yaronmu da ya samu irin wannan dama kada a hana shi. Wani binciken na Raj Chetty da abokan aikinsa a 2017 ya tambayi wace makaranta ce ta fi ɗauko yara daga gidajen talauci ta kai su sahun masu hali. Cal State ta Los Angeles ce ta zo kan gaba, kwalejojin CUNY na biye kusa. Ko a tarihinmu, Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah a jami'ar Lincoln da ke Pennsylvania suka yi digiri, ƙaramar makarantar da aka kafa don baƙaƙen fata.

Inda nake jan kunne da ƙarfi shi ne makarantun kasuwanci, waɗanda aka kafa don riba, masu talla a jirgin ƙasa da kiran waya ba dare ba rana. Saurin karɓarsu ba karamci ba ne. Rukunin Corinthian ya durƙushe a 2015, ITT Tech ta rufe a 2016, dubban ɗalibai suka wayi gari da bashi da takardun da wasu makarantu ba sa lissafawa. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian su 560,000. Shekarun da suka ɓata kuwa ba wanda ya mayar musu.

Ga mai karanta wannan daga Kano ko Maraɗi ko Tamale, ya kamata in fayyace: Pell da TAP da Excelsior ba na ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba ne. Shi sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda cur kafin makaranta ta ba shi takardar neman biza, jami'ar gwamnati za ta caje shi kuɗin baƙo, kuma aikin da doka ta yarda masa a lokacin karatu awa 20 ne a mako, a cikin harabar makaranta. Zancen "ka dai shiga, can za ka yi aiki ka biya" jita-jita ce mai jefa yara cikin wahala. Amurka ta kuma tsaurara dokokin biza ga 'yan Najeriya a 2025. Ofisoshin EducationUSA da ke Abuja da Legas aikinsu ke nan ba da shawara a kan wannan, kuma sun fi duk wani ɗan kamasho da ke neman kafin alƙalami.

Asabar ɗin da ta biyo, na je gidan dattijon nan bayan la'asar. Ya fito da takardun harajinsa a cikin wata jakar leda, yarinyar ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, mahaifiyarta na tsaye a ƙofar kicin tana sauraro. Muka cike FAFSA. Fom ɗin CUNY guda ɗaya yana ba da damar zaɓen kwaleji shida, sai ta sa Lehman a sama, Bronx Community da Hostos a ƙasa, dukkansu a cikin Bronx, babu wadda za ta sa ta bar gida ko biyan kuɗin ɗaki. Aikin jinya take so. Da lissafin ya fito, Baba ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, sake karanta mini lambar nan, a hankali."