Yadda ake mayar da Documents da Downloads zuwa faifan D a Windows

Ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman Katsina yakan ajiye aikin kammala karatunsa a Documents ko a kan Desktop. Duk waɗannan foldoji a faifan C suke, wuri ɗaya da Windows kanta. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi aka kai wa mai gyara, ya yi fomatin ɗin C ya sa sabuwar Windows, aikin wata shida ya tafi kenan. Ga kuma ƙananan kwamfutoci masu SSD na 128GB, waɗanda bidiyon biki kaɗan ke cika su.

Windows 10 da 11 sun ba da damar sauya wa foldojin mazauni. Da farko a buɗe faifan D a ƙirƙiri sabuwar folda, a sa mata suna Documents. Sai a koma File Explorer, a danna Documents na asali da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, sannan Location, a danna Move, a zaɓi sabuwar foldar. Bayan Apply, Windows za ta tambaya ko a kwashe tsoffin fayiloli. A amsa Yes. Haka ake yi wa Downloads, Pictures, Videos da Desktop, kowacce da foldarta.

Kuskuren da ya fi ba da wahala shi ne zaɓar D ɗin kansa maimakon folda a cikinsa. Faifan gaba ɗaya sai ya koma Documents, kuma warware wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kada a taɓa AppData ko foldar Users baki ɗaya, domin manhajoji da yawa za su rikice. Wanda OneDrive ke riƙe masa foldoji sai ya dakatar da shi tukuna. A kuma tabbatar batir ya cika kafin a fara, don ɗauke wuta a tsakiyar kwashe fayiloli ba sabon abu ba ne a gari.

A kwamfutoci da yawa, C da D yanki biyu ne na faifai ɗaya. Hakan zai tsare fayiloli daga fomatin, amma idan faifan ya mutu, duka biyun za su tafi tare. Kwafi na biyu a filashi ko Google Drive yana nan a matsayin dole.